Yaron da Ban Auna Ba

Shekarar da fari ya koro mutanen ƙauye zuwa Yamai, lokacin soja na mulki, aka tura ni bayan Harobanda, unguwar da ke tsallaken gadar kogi, in auna yara. Ni Kadi, shekarata tara ina aikin jinya, ina ganin ba abin da ya rage in koya. Aikin ba wuya: ki zagaya zare mai launi a damtsen yaro, in ya faɗa ja, ki ba uwarsa katin karɓar madara da kunu. Wanda ba a auna ba, ba shi da kati.

Sarja Mijinyawa ke tsare layi, mutumin da ya fi duban agogo a kan duban mutane. Sha biyu na yi kamiyo, babbar motar da ke kawo mu, zai tashi, an gama ko ba a gama ba. Ni ma na ɗauki saurinsa, ina ta yi wa mata tsawa.

Wata yarinya daga wajen Tawa, Aisa, ta iso da jariri a baya.

"Yaranki nawa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ga shi nan, madam."

"Shi ke nan?"

Ta yi shiru tana murza bakin zane. Na auna jaririn, na miƙa kati, na ce ta gaba ta matso.

Abin da ke ci mini rai ke nan har yau: na san wannan shirun. Ni ƴar fari ce. Uwata a Damagaram har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, in an tambaye ta ƴaƴanta, daga ƙanena take fara ƙirga. Kunyar ɗan fari ba baƙuwata ba ce. Amma ran nan agogon Sarja nake kallo.

Bayan sati biyu muka koma. Wata tsohuwa ta ratso layi rungume da yaro, Aisa na biye da ita nesa-nesa. Hamidu sunansa, shekara uku, ɗan farin Aisa. Tun yaye yana hannun kakarsa, uwar mijin Aisa, tsohuwar kuwa ba ta fito ran awo ba don an ce uwaye ake kira. Ban ma ɗauko zaren ba, damtsen bai fi babban yatsana kauri ba.

Sarja bai yi musu ba, ya ce mu hau kamiyo zuwa asibiti. Ba mu kai tsakiyar gada ba yaron ya cika a cinyar kakarsa.

Aisa tana can gefe, ta kau da kai, ko kuka ba ta da damar yi gaban surukarta. Haushi ya ɗebe ni, don ya fi mini sauƙi in ga laifinta.

"Don Allah me ya hana ki faɗa mini?"

Ta amsa, muryarta can ƙasa.

"Na ji Hausarki, madam, na ce ke tamu ce. Na tsaya jira ki ce, wa ke wurin kaka?"