Waƙar Sunan Ɗan Aisata

A gidan su Seyni, nan Gaya, ba a cewa an gama suna sai Inna Bibata ta yi wa jinjiri waƙa. Bayan an raɗa suna an watse, sai ta ɗora shi a cinya ta jero masa kakanninsa da suka riga mu gidan gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, tun daga masuntan Tunuga har zuwa wanda aka binne a ƙarshe. Mai rai ba ya shiga wannan waƙa. Kuma ba wanda ya taɓa wahalar da kansa ya haddace ta. Haddar me, ga mai ita nan zaune?

To, shekarar da soja suka karɓi mulki, gadar Malanbil da ke kan iyaka tana rufe, sai ga Aisata, autar Inna, ta haihu a ƙetaren kogi. Masu ƙarfi suna tsallakawa da kwalekwale. Inna kuwa ciwon ƙirji ya cinye ta, ko bakin ƙofa ba ta kaiwa sai an riƙe ta. Muryar da a da take sa matan maƙwabta su ajiye taɓarya ta koma raɗa. An gwada ɗaukar waƙar da salula don a aika, abin da ya fito kukan awaki ne da ƙarar kabu-kabu.

Seyni ya ce a bar masa, ai sana'arsa ce. A ɗakinsa, wanda ya lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai, yake ɗaukar tallan ƴan kasuwa da waƙoƙin samari. Yana da ordinatar, wato kwamfuta, da ɗan akwatin da ake ce wa kat-son, mai shigar da sauti cikinta, da wani mikro na ɗaukar murya da ya sayo a Yamai, mai kunne kamar na uwar miji. Sai dai shi wannan mikro ba ya jin komai sai kat-son ya tura masa wuta ta cikin igiyarsa. Akwai maɓallinta, an rubuta 48 a kai, in ka danna jar fitila ta kama.

Ana gobe suna, da hantsi, lokacin da numfashin Inna ya fi daidaita, ya kwaso kayan zuwa ɗakinta. Ya danna, fitila ta kama. Ya ga ba za ta iya zama da kanta ba, sai ya bar ordinatar ya zagaya bayanta, ya jingina ta da ƙirjinsa. Haka ta yi waƙar tun daga farko har ƙarshe, yana jin kowane suna yana fita daga haƙarƙarinta da ƙyar. Da ta gama, gumi ya jiƙa mata kallabi.

Ya koma ya duba. Layin murya a fuskar ordinatar a miƙe yake, sambal, ba ko motsi.

Innalillahi! Ya ƙure ƙara, ya kasa kunne: wani ɗan shuuu kawai, kamar iska a rijiya. Kunya ta rufe shi. Ya kashe wa tsohuwa numfashin da ba ta da shi, a banza.

"Ya ɗauka?" in ji Inna, idonta a rufe.

Ƙarya tana bakinsa, ya haɗiye ta. "Bai ɗauka ba, Inna."

Ta ce, "To. Kai da ƙarafanka." Ta juya fuska bango.

Yayarsa Ladi, wadda ke jinyar Inna tun damina, ta tare shi a tsakar gida. "Wallahi Seyni ka iya ɓarna. Ka san abin da waƙar nan ta ci mata? In ba za ka iya ba ka faɗa, mu san ba mu da komai."

Seyni ya kewaye ta ya wuce. Ya zauna gindin mangwaro ya shiga bin abin ɗaya-ɗaya. Tun da kuran, wutar lantarki, ya zama baƙo a gari, ya fara zargin batir. Ya duba, a cike yake. Ya sauya ramin da kat-son ke shiga jikin ordinatar. Ya kashe maɓallin, ya jira, ya kunna. Ya mayar da igiyar mikro rami na biyu. Shiru. Ya ɗauko wani tsohon mikro na hannu, irin na masu shela, wanda ba ruwansa da wuta, ya sa a igiyar nan: tangaran, ya ji muryarsa. Ashe kat-son lafiyarsa lau, igiya ma tana kai magana. Sai tsoro ya kama shi, ko mikron Yamai ne ya mutu? In shi ne, an gama, don irinsa babu a kasuwar Gaya, hanya kuma ga yadda take.

Yana juya kan igiyar a hannu sai ya ga ɗigon sabuwar dalma a bakinta. Nan ya tuna. Lokacin Mauludi an ari igiyar an kai masallacin unguwa, kuma wa zai hana masallaci aro? Ya kwance kan. Ƙafafu uku gare shi, kowace da wayarta, amma an haɗe biyu da dalma, an yi aiki tsaf.

Ya ruga wurin Labo mai gyaran lasifika, a bakin tasha.

"Ni na gyara ta," in ji Labo, hankalinsa kwance. "Yara suka taka ta tsinke. Haka nake yi wa duk igiyoyin masallatai, ba wanda ya taɓa dawo mini da ita."

Gaskiyarsa. Mikron ladan ba ya neman wuta. Amma a wannan haɗin, wutar da kat-son ke turowa zurarewa take kafin ta yi wa mikro amfani, fitila kuwa tana ta ci abinta. Labo ya narke dalmar ya raba ƙafafun, ya ce a gaida Inna da jiki.

Bayan la'asar Seyni ya sake shiga ɗakin. Wannan karon ya sa abin ji a kunne tukuna. Ya ji kaza tana tono a bayan katanga, ya ji numfashin uwarsa kamar ana jan zare a tsumma. Hawaye ya cika masa ido.

Inna ta buɗe baki, waƙa ta ƙi tashi. Ta sake, tari ya sarƙe ta. Abin da ya rage mata raɗa ce, wadda ko na kusa da ita ba ya rarrabewa.

"Yaya," in ji Seyni, "zo ki ji." Ya ɗora wa Ladi abin jin a kai. Ta zabura, ta dafe ƙirji, don rabonta da jin maganar Inna sarai haka tun kafin girbi.

"Kin san karin," Inna ta raɗa. "Ni in ba ki sunaye, ke ki ɗaga."

Haka aka yi. Inna ta faɗi suna, Ladi ta rera shi. Da farko muryarta tana rawa, daga baya ta zauna. Suka wuce masuntan Tunuga, suka wuce manoman shinkafa, har suka iso kan Alassan, mahaifinsu, inda waƙar take tsayawa kullum. Seyni ya miƙa hannu zai tsayar.

Inna ta ɗaga yatsa. Ta ja numfashi ta ce, "Bibata ƴar Kande."

Ladi ta fizge abin jin daga kanta. "Haba Inna! Wace irin magana ce wannan? Ba zan faɗa ba."

"Yaron nan ba zai gan ni ba," in ji Inna. "Ki bari ya ji ni a cikin mutanena. Gobe ke za ki tsallaka, ki ɗora shi a cinya. Mayar da abin nan kunnenki."

Ladi ta dubi ƙanenta, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ta share fuska da gefen zane, ta mayar da abin jin, ta rera sunan uwarta. Seyni yana kallon layin yana hawa yana sauka, bai taɓa komai ba sai da ta kai ƙarshe.