Ranar da Zoya ta huda ƙanƙara a gindin Lukich

Duk mai fita kamun kifi a kan ƙanƙarar gaɓar garinmu, nan gabashin tsibirin Sakhalin, ya san Yefim Lukich. Ƙaton mutum ne mai jar hula, tsohon mai walda a tashar jiragen ruwa, hayaƙin aiki ya dusashe masa murya har ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti. Ba wanda ya naɗa shi shugaba. Amma ka kuskura ka bar kwalba a kan ƙanƙara, zai ɗauke ta ya biyo ka har bakin motarka ya ce, "Ka manta kayanka." Ka tashi ka bar raminka a buɗe ba ka soka reshen itace a gefensa ba, to washegari za ka sha magana. Abin da ya fi tsana kuwa shi ne mutum ya ga kana samun kifi ya lallaɓo ya huda ƙanƙara a gindinka. Yana da ma'auninsa. Daga zaune zai cire hular ya wurga, in ta iso raminka, ka matso da yawa, tattara ka ƙara gaba.

Ni Rustam ne, kuku a jirgin ruwa kafin in ajiye aiki. Tun da matar Lukich ta rasu ni nake ɗaukarsa a motata duk Asabar, saboda haka a idona aka yi komai.

Wata safiyar Janairu ce, rana ta fito tas, babu iska, ɗan ƙaramin kifin da muke kira korushka kuma ya cika gaɓa. Ko'ina ka juya ƙamshin kifin nan ne, kamar an yanka sabuwar kokwamba. Lukich ya faɗa kan garke, ja kawai yake yana zubarwa, kifayen na tsalle kaɗan su sandare. Duk muna gani, duk muna haɗiyar yawu, amma kowa ya tsaya a wurinsa.

Sai ga wata gajeriyar mata cikin rigar sanyin da ta yi mata yawa, tana jan wani shuɗin akwati da igiya. Ta wuce ni, ta wuce Kawu Grisha, dattijon da ke zama kusa da ni, ba ta tsaya ba sai a gefen Lukich. Ta ciro ƙarfen huda ƙanƙara ta kafa shi inda in ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗarta, ta fara murzawa tana nishi.

Kawu Grisha ya ajiye sandarsa ya ce a hankali, "Rustam, zuba mana shayi. Yau akwai kallo."

Lukich ya dube ta, ya dubi ramin, ya sake duban ta. Ya cire hular, ya ga ba inda zai wurga ta, sai kawai ya ɗora ta a kan akwatinta.

Ta ce, "Na gode, ina da tawa."

"Baiwar Allah, ba kyauta ba ce. Kin ga faɗin tekun nan? Har ƙasar Japan ya kai. Duk bai ishe ki ba sai cikin aljihuna?"

"Tekun na gidanku ne? Nuna min takarda."

Muryarta ta sa na gane ta. Zoya Sergeyevna Kim ce, mai sayar da pyanse a bakin kasuwa, cincin ɗin nan da ake turarawa, mai nama da kabeji. In ta yi kiran ciniki, har masu jiran bas a can tsallake suna ji. Mutane suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Lukich ya mayar da hularsa ya juya mata baya, ita kuwa ta zauna ta saki zarenta.

Ba a jima ba ta yi ihu, "Na kama! Wayyo, ƙato ne!"

A daidai lokacin sandar Lukich ta lanƙwashe. Ya ja, tata ta nutsa. Ta ja da ƙarfinta, tasa ta kusa suɓucewa. Zarensu ne ya sarƙe a ƙarƙashin ƙanƙara, kowa a wurin ya gane ban da ita.

"Saki, malama!"

"In saki kifina? Kai ka saki!"

Da ƙyar Lukich ya jawo curin zaren ta raminsa, ƙugiyoyi sun cakuɗe, a tsakiyarsu ɗan kifi guda ɗaya da bai fi yatsa ba. Kawu Grisha ya yi dariya har ya faɗo daga kan akwatinsa. Aka ce ni ne kuku, in yanke hukunci. Na ce a soya shi, mai gardama ya ci kai, mai fushi ya ci wutsiya.

Lukich ya cire safar hannu ya fara warware zaren da manyan yatsunsa. Yana cikin haka idonsa ya sauka kan shuɗin akwatin, da tsofaffin katakan sulu a kan ƙanƙara da aka kafa masa a ƙasa.

"Wannan ai akwatin Tolya Kim ne. Mai zama can wajen dutse, wanda ba ya magana."

"Mijina ne. Ya rasu da kaka." Ta share hanci da bayan hannu. "Gidan ya yi min shiru. Duk Asabar sai in ga akwatin a bayan ƙofa. Yau na ce bari in je in ga abin da yake samu a nan da ya fi hira da ni."

Lukich ya cire hularsa, ya riƙe ta a ƙirji kaɗan, sannan ya mayar.

"Allah Ya ba ki haƙuri. Mutumin kirki ne, ko ƙarar tarinsa ba ta taɓa korar wa wani kifi ba. Amma me ya kawo ki gindina?"

"Tsoro. Na duba duk mutanen nan na ga kai ka fi kowa nauyi. Na ce ƙanƙarar da ta ɗauki wannan, ni ba za ta ji ni ba."

Ban taɓa jin Lukich ya yi dariya irin ta ranar ba. Ba ta da sauti, kafaɗunsa ne kawai ke girgiza, hawaye na daskarewa a gashin idonsa.

Da kansa ya ja akwatinta ya kai ta can gefe, ya huda mata sabon rami, ya soka reshe a wanda ta bari. Ya nuna mata yadda ake kaɗa sanda a hankali. Ya gaya mata in tana son zama kusa da mutum ta fara yi masa sallama ta tambaya, in ya ce a'a kada ta ji haushi. Da rana ta yi, ta buɗe tukunyar da ta naɗe da tawul, tururi ya tashi, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da pyanse da kwaɗon karas mai barkono.

Daga ranar motata ta koma ta mutum uku. Zoya ta koyi abin da sauri, har ta zarce malaminta a tsanani. Ta ɗinka wa kowannenmu jakar shara. Ta taɓa tsare wani saurayi da ya zubar da guntun sigari a rami, ta ce masa, "Ɗana, wannan kifin da zai haɗiye shi, ni zan sayar wa uwarka shi a kasuwa." Sai da ya sa cokalin kwashe ƙanƙara ya tsamo abinsa. Ita da Lukich kuwa kullum cikin musu suke, kan ƙugiya, kan gishiri, kan wanda ya fi kamawa. Amma na lura ya fara aske gemu ranar Juma'a, abin da bai saba ba.

A ƙarshen Maris muka fita, ranar da kowa ya san kakar kamun kifi ta kusa ƙarewa. Da safe wasu 'yan birni suka zo da mota mai tsada, suka wuce mu da koren tanti da rediyo. Lukich ya tare su ya ce kada su yi nisa, ƙanƙarar can gaba ta fara laushi. Babbansu, wani mai suna Vadim, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, je ka huta, mun girme wa raino." Suka tafi can nesa har tantin ya koma kamar ganye.

Ranar Zoya ta samu kifi irin wanda ba ta taɓa samu ba. Wajen azahar na ji iska ta taɓa min ƙeya. Da daga teku take busowa, yanzu ta juyo daga tudu. Kafin in buɗe baki sai muka ji ƙara a ƙarƙashinmu, doguwa, kamar an yaga ƙaton zane. Kawu Grisha ya nuna bayanmu. Wani baƙin layi ya bi ƙanƙarar tsakaninmu da gaɓa, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba.

Lukich ya miƙe ya ce, "A tattara. Kowa ya gaya wa na gabansa."

Magana ta bi daga mutum zuwa mutum, kowa ya naɗe zare ya kama hanya. Amma tsakaninmu da koren tantin babu kowa, rediyonsu kuma na ta kiɗa. Wani ya ce, "Ai an gaya musu da safe. Su suka sani."

"Ba a barin mutum a baya," in ji Lukich. "Ko jaki ne."

Ya yi ƙoƙarin kira, muryar ta ƙi fita ko taku goma. Ya juya zai nufi wurinsu, Zoya ta cafke rigarsa.

"Ina za ka da wannan nauyin? Riƙe min akwati."

Ta hau kan akwatin, ta sa hannu biyu a baki, ta ja numfashi. Ni na ɗauka za ta ce ƙanƙara ta tsage. Abin da ya fito shi ne kiran da ta shekara da shekaru tana yi a bakin kasuwa.

"Pyanseee! Da zafinsaaa!"

Wallahi sai ga kawuna suna leƙowa daga tantin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗora, "Kai masu koren tanti! Ƙanƙara ta rabu da gaɓa! Ku bar komai ku taho, 'ya'yan banza!"

Suka taho da gudu suna zamewa. Kafin su iso, tsagar ta buɗe ta kai taku guda, baƙin ruwa na motsi a ciki. Muka shimfiɗa dogon katakon da Kawu Grisha ke ɗaurewa a jikin akwatinsa, wanda kullum muke tsokanarsa a kai. Ni da wasu muka tsaya a ɓangaren gaɓa da igiya, Lukich ya tsaya a ɗaya ɓangaren yana kama hannun kowa yana tura shi. Zoya ta haye da kifinta a buhu, ta ce ita da shi sai dai su nutse tare. Vadim ya haye fuskarsa fara fat. Lukich ne na ƙarshe. Yana sauke ƙafa a ɓangarenmu gefen ƙanƙarar ya ɓare, ƙafarsa ta hagu ta zurma har cinya. Vadim ne ya damƙi kwalarsa da hannu biyu, muka haɗu muka jawo shi kamar buhun dankali.

A gaɓa muka duba motoci muka tabbatar kowace mai ita ya fito. Aka hura wuta da itacen da teku ya watso. Vadim ya kawo busasshiyar safa da wando daga motarsa, ya durƙusa da kansa ya cire wa Lukich takalmi, yana ta cewa, "Yefim Lukich, ka yafe min maganar safe." Ni kuma na ɗauko kaskona na fara suya, kifin Zoya ya ciyar da mutanen da ko sunansu ba mu sani ba.

Muna ci muna kallon ƙanƙarar tana ja da baya a hankali, koren tantin a kanta, iska na kawo mana kiɗan rediyon jefi-jefi.

Lukich ya nuna shi da wutsiyar kifi ya ce wa Vadim, "Ka bar shara a teku."

Aka fashe da dariya, har wanda ya ce a bar su ya fi kowa.

Zoya ta naɗe masa ƙafar da gyalenta na ulu, tana ta faɗa wai tsoho da shi bai san ya bar yara su tsaya a ƙarshe ba. Ya bar ta ta gama. Sannan ya yi gyaran murya, ya dubi wuta, ya ce, "Zoya Sergeyevna, yanzu da ƙanƙara ta tafi, me kike yi ranar Asabar?"

"In Mayu ya kama ina hawa dutse tsinkar ganyen daji. Me ya faru?"

"Ba komai. Na ji an ce akwai beyar a wajen, ƙatuwar dabbar dajin nan mai kai wa mutane hari. Bai kamata mutum ya tafi shi kaɗai ba."

"Kai za ka kori beyar? Da wace murya?"

"Ke ki kore ta. Ni in ɗauki buhu."

Ta gyara ɗaurin gyalen da ba ya bukatar gyara, ta ce, "To ka zo da wuri. Kuma ka sayi takalmin kirki."

Kawu Grisha ya zungure ni da gwiwar hannu har na kusa kifar da kaskon.

A watan Satumba aka ɗaura auren Zoya da Lukich. 'Yarta ta zo daga Khabarovsk da jikoki, Vadim ya kawo motarsa aka yi mata ado da ribon ta ɗauki amarya. Ni na yi girkin, Zoya kuwa ta shigo kicin da rigar aurenta ta ɗanɗana miyata, ta ce gishiri bai ji ba, ta ƙara da hannunta.