Awon 'Yar Ƙusa

"Mama, buɗe! Mijina na kirana!"

'Yar Ƙusa tana dukan ƙofa da tafin hannu. Uwarta, matar direba, ta ƙara tura sakata ta gyara goyon jaririnta. Kwana tara ke nan suna kulle a ɗaki guda, ita da yara biyu, maigida yana kan hanya da mota. Bango ɗaya ya raba su da Baba Kafinta, ta nan tarinsa ke shigowa kamar ana jan zarto a ɗanyen katako. Nas ɗin da ke zuwa yi masa allura ta faɗa ba ɓoye-ɓoye: tarin mai yaɗuwa ne, kada yaro ya shiga, balle wannan da ƙirjinta ke kukan mage da zarar sanyi ya taɓa ta.

Baba Kafinta ne ya laƙaba wa yarinyar sunan, wai siririya ce ga taurin kai. Duk ranar haihuwarta yakan tsayar da ita jikin katakon bakin ƙofarsa, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ja layi daidai kanta. Yau ta cika biyar.

"Maman Ƙusa!" Muryarsa ce ta bango. "Kin ƙwace mini mata ko? Zan kai ƙara wurin fasto."

"Kai mana, Baba. Amma ka warke tukuna."

Sai da ya gama wani dogon tari ya ce, "To, 'yata."

Wannan "to" ɗin ya hana ta zama. Taku huɗu ne daga gado zuwa taga, ta yi su ya fi sau ashirin. Ta san ba warkewa zai yi ba. Can idonta ya faɗa kan zaren da take ɗinke maɓalli da shi. Ta tsayar da yarinyar, ta auna daga diddige zuwa tsakiyar kai, ta datse da haƙori. Ta kwantar da jariri.

"Ki kula da ƙanenki. Yanzu zan dawo."

Ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta kulle su ta waje.

Baba yana zaune a kujera kusa da ƙofarsa, ya rame har agogonsa ya sauko gwiwar hannu. Ba ta wuce bakin ƙofa ba. Ta taka bakin zaren da yatsar ƙafa, ta miƙar da shi jikin katakon. Ya yi dariya har ta koma tari.

"Shekara arba'in ina awo, ban taɓa auna mutum ba ya nan ba."

Ya ja layin, ya fito a karkace. Sannan ya bi tsofaffin layukan da bakin fensir.

"Wannan na babban ɗana ne. Ya fi ni tsawo, yanzu kuma ya fi ƙarfin ɗaukar wayata. Wannan na ƙanwarsa ne, ta biyu, kullum gobe za ta zo." Fensirin ya sauka ƙasa, daidai cinya, inda layuka biyu suka tsaya. "Wannan na ukun ne, nan ya ƙare. A makon da muka binne shi aka haifi autar. Marigayiya matata tana ba da nono, hawaye na ɗiga a kan jaririya. Na ce, Ubangiji Yesu, wanne zan yi, godiya ko kuka? Har yau bai raba mini su ba. Ga su nan duk a katako ɗaya."

Ta bango suka ji 'Yar Ƙusa tana rera wa ƙanenta waƙar coci, tana ɓata baitin.

"Ko daga tsakar gida in hango ta?"

"Baba, ka san halinta. Da gudu za ta faɗa jikinka."

Ya ce, "Koma ki kulle ta da kyau."

Ta wanke hannu sau uku kafin ta buɗe nata ɗakin.

Ranar Alhamis da tsakar rana, tana naɗe kayan jariri, yarinyar ta manna kunne a bango ta yi tsalle.

"Mama, mijina ya warke! Ya daina tari!"

Matar direba ta zauna a bakin gado da rigar jariri a hannu.

'Yar Baba, ta biyun, ta iso washegari, aka yi jana'izarsa, aka kwashe kaya, aka wanke ɗakin da magani, aka bar shi a buɗe mako biyu. Sai a lokacin uwar ta kama hannun 'yarta ta kai ta bakin ƙofar. Ta tsayar da ita. Karkataccen layin ya zauna daidai kanta. Amma a samansa, da tazarar yatsa uku, akwai wani layin, na baɗi, da Baba ya ja ba a gaban uwar ba.

'Yar Ƙusa ta waiga ta gan shi. Ta manna baya a katakon, ta yi ɗage, tana miƙa wuya.