Biskit a Gindin Randa

A unguwar Jiddari Polo kowa da abin da yake faɗa a kan Salomi. Masu ɗiban ruwa sun ce daga gaisuwa ba ta ƙara komai. Mai kayan miya ya ce daga Lassa ta gudo da 'yarta Agnes a shekarar da aka afka wa garin, mijin kuma shiru har yau. Matan layi kuwa zancen biskit ɗinta suke yi, wanda take kaiwa ƙofar firamare a tire, mai laushi, mai ƙamshin gyaɗa, kafin a koma aji ya ƙare.

Hajja Ammatullahi ce ta ba ta ɗakin da ke kusa da zaure, kuma ita ce abin ya fi damu. Shekara talatin tana gasa kek na biki a tukunya da yashi, wuta sama wuta ƙasa. Ta san ƙamshin gashi ko daga bayan katanga. A shekarar nan da aka tarwatsa turakun wuta a hanyar Damaturu, gari ya yi watanni babu lantarki, to da me matar nan take gashi? Kurfotinta ba ya daɗewa a kunne. Hayaƙi kaɗan, sai ga tire cike.

Ran nan a gidan suna, Hajja ta ce wa Rashida maƙwabciyarta, ƙasa-ƙasa, "Ni dai wannan ɗanɗanon gyaɗar ya yi mini kama da abincin tamowa da ake raba wa yara a sansani." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kwana uku tsakani maganar ta kai kunnen hedimasta, an ce Salomi na sayar da abincin yaran 'yan gudun hijira. Aka hana ta zama a ƙofar makaranta.

 Tiren Salomi dai ya kwana biyar a jingine.

Hajja ta so ta tabbatar wa kanta ba ta yi ƙarya ba. Ta taɓa hango kayan haɗin: hatsin nan na kanti da ake dama wa marar lafiya, wanda ake kira ot, da sukari, da madara, da bota, da niƙaƙƙiyar gyaɗa. Ta haɗa su a madafinta, ta bar su a wuta sosai, don a saninta abin da bai ji wuta ba ba abinci ba ne. Da ta sauke, sai ga wani abu kamar yashin kogi. Ta sake gwadawa, ta sauke da wuri, ya fito kamar kunu. Ya kamata hankalinta ya kwanta, amma sai tambayar ta ƙara cizonta.

Washegari da hantsi ta tsaya a ƙofar ɗakin Salomi, ta gaishe ta.

"Maman Agnes, wushe."

"Wushe, Ya Hajja. Shigo mana."

"A'a, nan ma ya isa. Wai biskit ɗin nan naki, a ina kike gasa shi?"

"Ba a gasa shi."

"Kai! Ni za ki gaya wa?"

Salomi ta yi ɗan murmushi. "Na ji ƙaurin sukarinki jiya. Kawo sauran kayan."

Suka zauna a tsakar gida. Salomi ta ɗora tukunya, ta zuba sukari da madara da bota, tana juyawa. Ta ce wata nas ce ta koya mata lokacin da take mata girki a Lassa. Nas ɗin tana sa garin koko na cakulan, ita kuwa da ba ta da shi sai ta ƙara gyaɗa da ɗan gishiri, yara suka fi so.

"Yanzu ki duba. Ba ƙananan kumfa na gefe ba. Sai tsakiyar ta tashi."

Tsakiyar ta tashi. Sai Salomi ta kama waƙa da harshen Margi, a hankali, idonta a kan tukunya. Tana kai ƙarshe ta sauke, ta zuba gyaɗa, ta zuba ot, ta juya da sauri.

"Waƙar ta mece ce?"

"Agogona ke nan. Baiti biyu. In kin wuce, yashi. In ba ki kai ba, kunu."

"To ni da ban iya waƙar coci ba?"

"Ga carbi a hannunki, Ya Hajja."

A tukunya ta biyu Salomi na waƙa, Hajja na jan istigfari. Ya kama hamsin da uku. Ta maimaita adadin a ranta, kuma ba ta daina ja ba har bayan an sauke.

Da cokali suka ɗiɗɗiga haɗin a tire mai shafen mai. Salomi ta ɗauka ta nufi randar gidan, ta yayyafa wa yashin gindinta ruwa, ta ajiye tiren a nan, ta kifa kwando.

"Ga tanderuna," in ji ta.

Hajja ta yi tsaye. Randarta ce. Kullum tana ganin kwandon nan a kife, tana zaton kwanukan wanke-wanke ne.

Kafin azahar sun daskare. Hajja ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

"Gobe da safe ki shirya."

"Sun hana ni, Ya Hajja."

"Na sani."

Washegari ita ta ɗauki tiren da kanta, abin da ba a taɓa gani ba a layin. Ta biya ta kira Rashida. A ƙofar makaranta ta sa aka kira hedimasta, iyaye masu rako yara suka tsaya kallo.

"Malam, maganar abincin tamowa daga bakina ta fito, kuma ban ga komai ba. Wannan a gabana aka yi shi jiya, da hannuna a ciki."

Sannan ta juya ga Salomi, ba ta sassauta murya ba.

"Maman Agnes, na ɓata miki suna a kan abin da ban sani ba. Ki yafe mini."