Maganar Tsai da Jini

Leberecht Dornbusch mutum ne da in ya ji tsohuwar kalma har yawunsa tsinkewa yake yi. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon ƙauyukan kan dutse yana kwasar tatsuniyoyi a bakin tsofaffi, amma in za a faɗi gaskiya, ba tatsuniyar ce ta dame shi ba. Kalmomin cikinta yake farauta, irin waɗanda mutanen birni suka manta tun zamanin kakanni. Wannan kwaɗayin ne ya kai shi Eschenrode, ƙauyen masu saran itace.

A Eschenrode ba a shekara gatari bai ci ƙafar wani ba, likita kuwa sai an haye dutse. Don haka tsohuwa Walburga ake kai wa mai rauni. Ta durƙusa, ta ɗora hannu, ta yi raɗa, jini ya tsaya. Leberecht bai yarda da wannan ba ko kaɗan, camfi ya ɗauke shi. Shi dai ya san magana mai irin wannan tsufa ba za ta rasa abin tsinta ba. Ya yi ta zarya gidanta da ƙullin kofi, tun ganye na zuba har ƙanƙara ta rufe hanya.

Wata rana tana feraye dankali a bakin murhu ta ce, "Malam, kai dai ka cika naci. Wannan fa ba tatsuniya ba ce. Mace ke ba namiji, namiji ya ba mace, sau ɗaya tak, kuma ba a rubutawa. Ranar da na faɗa maka, ta bar bakina ke nan. Kai za ka riƙe mana ita."

"Zan riƙe, Iya."

"Samarinmu tsoronta suke ji, ni kuma ƙafata ɗaya na kabari. Kada ka cuce mu."

"Haba Iya, ni da ba ni da sana'a sai riƙe magana?"

Ta ajiye wuƙar. Sannan ta sa shi ya fitar da alƙalami da takarda waje, ta saka sakata, ta kawo bakinta kusa da kunnensa.

Raɗar ba ta yi nisa ba ya ji wata kalma mai nufin jijiya, wadda masana suka rantse ta mutu shekaru aru-aru. Murna ta kama shi. Nan take ya shiga jujjuya ta a ka, yana nemo mata dangi a harsunan arewa, yana hango yadda abokan hamayyarsa na jami'a za su yi tsuru-tsuru. Baiwar Allah tana ta raɗa, shi kuwa gogan ya yi nisa.

Ta ɗago ta ce, "Ta zauna?"

"Daram," in ji shi.

Daga ranar ƙauyen ya sake masa fuska. Maza na cire masa hula, mata na aiko masa da burodi da miyar kabeji, ba mai cewa don me. Abin ya fara damunsa. In ya ji saran gatari daga daji sai ya ture kwanon abincinsa. Ya ƙudura da zarar hanya ta buɗe zai sulale.

Hanya ba ta buɗe ba. Wata rana da hantsi ya ji ihu, ya leƙa ta taga. Maza ne suka ɗauko mutum a kan ƙyauren ƙofa, jini na ɗiga a kan ƙanƙara. Yana kallo suka zo daidai gidan Walburga, ko waiwaye ba su yi ba, suka miƙo masaukinsa.

Kilian ne, ɗan Walburga, shi kaɗai ya rage mata. Gatari ya raba masa cinya. Aka shimfiɗe shi a tsakar ɗaki, maza suka cire huluna suka ja da baya. Tsohuwar ta shigo tana haki, ta durƙusa ta tallafe kan ɗanta.

Leberecht ya ce, "Iya, ki yi masa da kanki mana."

"Ba ta bakina, Malam. Tana wurinka. Yi sauri."

Ya durƙusa ya ɗora hannu. Jinin da zafi, yana tunkuɗo tafinsa. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya rufe shi. Ya sunkuya ya raɗa kalmar nan tasa. Ya laluba kansa kaf, ba komai a gabanta, ba komai a bayanta. Ya sake raɗa ta.

Walburga na dab da shi, kunnenta kuwa bai tsufa ba. Ta taɓa hannun rigarsa a hankali.

"Ci gaba mana, Malam," ta ce. "Ai da saura."