Ranar Da Diga Ta Yi Shiru

"Ka ji wani abu, tsoho?"

Kyaftin Radfod na sojojin Kudu ne ke tambaya, yana tsaye a bakin ramin, hannu a ƙugu. Kawu Kwash na kwance rub da ciki taku uku daga ƙofar, kunnensa manne da ƙasa, tasar ruwa a gefen kansa. Ni kuma ina tsugune da kwandon abincin mijina Mingo, ina jiran a ba su hutun rana.

"Ranka ya daɗe, ko tsutsa ba ta motsi," in ji Kawu.

Ƙarya yake yi. Kyaftin na tsaye, bai ga komai ba, amma ni da ke tsugune na ga ruwan tasar yana rawa. Ya yi zobba ƙanana, ya tsaya, ya sake. Kawu ya yi miƙa kamar wanda bayansa ya ƙage, ya ture tasar da gwiwar hannu, ruwan ya bi ƙasa. Da ya ɗago muka haɗa ido, ya san na gani.

Ranar kwananmu talatin da takwas ke nan a kewaye da sojoji. Turawan ƙasar nan, na Kudu da na Arewa, suna yaƙar juna a kanmu, mu bayi, kuma garinmu da ke kan tudu a bakin kogin Misisifi shi ne ƙashin da ya tsaya wa sojojin Arewa a wuya. Yanki muke ce musu, masu shuɗin kaya. Sau biyu suka afka wa ganuwa, sau biyu gawarwakinsu suka cika gangare. Sai janar ɗinsu ya sake dabara. Ya tare hanyar abinci har muka koma cin alfadari da burodin garin wake mai tsami, sannan ya sa aka soma haƙa rami daga waje zuwa ƙarƙashin babbar ganuwar gabas, don a cika shi da albarushi a tarwatsa ta. Iyayen gijinmu suka ce su ma za su haƙa daga ciki, su gano ramin Yanki, su rufta musu shi a ka. To amma Bature ba ya shiga ramin da zai iya binne shi in akwai bawa a kusa. Aka ɗebo maza takwas, har da Mingo da Kawu Kwash, aka ba Kawu aikin saurare.

Kawu maƙwabcinmu ne. Bangon katako ɗaya ya raba ɗakinmu da nasa a bayan gidan Misis Kolbet, uwargijiyarmu, har tarinsa na asuba na haddace. Shekara arba'in yana haƙa rijiya. An sayar da matarsa da 'ya'yansa uku tun ban san kaina ba, tun daga nan ya zama mutum mai tsami kamar burodin nan. In faɗi gaskiya, ba shiri muke yi ba. Kullum hayaƙin murhuna na shigar masa ido, kullum bakina ya fi ƙarfin kaina.

Ran Lahadi da la'asar aka sako su gida. Mingo ya ɗauki bokiti ya tafi neman ruwa, ni kuma na iske Kawu a bakin ƙofarsa yana wasa digarsa.

"Kawu, ka ji su."

"Sannu da aiki ma babu, Tempi?"

"Ka ji su, na ce!"

Ya duba hagu da dama. "Tun ran Talata."

"Ina suke?"

Ya ci gaba da goga ƙarfe, sai da na ƙwace dutsen daga hannunsa. "Ƙarƙashinmu," ya ce. "Daidai inda mijinki ke cika buhu."

Na zauna a ƙasa. "To me kake jira? Ka faɗa wa Kyaftin mana, ya fitar da su!"

"In faɗa masa, ya fitar da su, ya rufta wa yaran can ƙasa a ka. Ganuwa ta tsaya. Rundunar Kudu da ake ta raɗe-raɗin zuwanta ta iso, ta kori Yanki. Sai me? Misis ta riga ta ce in hanya ta buɗe, Alabama za ta kora ku ta sayar, kowa da inda za a sauke shi. Ke nan, Mingo can."

"Amma yana numfashi!"

"Tawa matar ma wataƙila tana numfashi. Shekara ashirin da shida."

"Kai ka gama rayuwarka, tsohon banza! Ba ka da kowa, shi ya sa kake kyauta da mazan mutane. 'Yancin da za a miƙo mini a kan gawar mijina, ban so, a kai kasuwa! Wallahi gobe da bakina zan faɗa wa Kyaftin."

"Zai rataye ni."

"Ya rataye ka mana!"

Na faɗa, kuma har zuciyata na faɗa. Bai yi fushi ba. Ya miƙo hannu na ba shi dutsensa.

"Saurara, 'yar nan, in koya miki sana'a. Mai haƙa ba ya kunna wuta yana cikin rami. Muddin kin ga ruwan nan na rawa, suna sara ke nan, mijinki na da rai. Ranar da diga ta yi shiru, albarushi suke jerawa. Daga nan yini ɗaya ne, in ya yi yawa. Ki ba ni zuwa ranar."

"Ranar kuma fa?"

"Ki ba ni zuwa ranar."

Ban gaya wa Mingo ba. Mutum ne da cikinsa ba ya riƙe ko ruwa, in ya ji, Kyaftin zai karanta a goshinsa kafin ya ajiye shebur. Gudu kuma babu, masu gadi na harbin duk bawan da ya juya wa ramin baya. Gaba kura, baya sayaki.

Litinin na kai abinci, ruwa na rawa. Na gode wa Allah kamar wadda aka yi wa bushara. Ku ji fa, mace tana murna ana haƙa kabarin mijinta! Talata ma yana rawa, har ya fi na jiya. Kwana biyun nan ban iya haɗiye komai ba. Mingo ya ce ko ciki ne da ni, yana ta washe baki, na ji kamar in kwaɗa masa ludayi.

Laraba da rana tsaka na iso. Igwa na ta bugu daga kogi kamar kullum, ba wanda ke ɗaga kai. Kawu na kwance, tasa a gefensa. Na tsuguna na zuba mata ido. Na ƙirga ɗari. Na sake ƙirga ɗari. Ruwan nan lum, har ina ganin bakin ramin a cikinsa. Wannan karon Kawu bai ture ta ba.

Na ajiye kwando na miƙe. Kyaftin na can taku goma yana duba wata takarda. Na nufe shi.

"Mingo!" Kawu ya daka tsawa a bayana. "Kai, ragon banza, zo ka riƙe mini turken nan!"

Na juya. Mingo ya fito daga duhu da buhun ƙasa a kafaɗa, ya sauke, ya dafa turken da ke tallafe da rufin ramin. Kawu ya ɗaga diga da hannu biyu. Mutumin da ya shekara arba'in bai taɓa kuskuren sara ba, ya sauke ta a kan ƙafar mijina. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake.

Ihun Mingo ya tara kowa. Kyaftin ya iso yana zagi, ya sharara wa Kawu bulalar doki a fuska sau biyu.

"Makahon jaki! Ka san hannu nawa ya rage mini?"

"Tuba nake, ranka ya daɗe. Tsufa ne, da yunwa."

Kyaftin ya dubi ƙafar, ya tofar da yawu. "Ke, naki ne? Ja shi ki ba ni wuri. Sauran ku koma ciki!"

Na durƙusa ina ɗaure ƙafar da gefen rigata. Kawu ya sunkuyo kamar mai taimako, jini na bin gemunsa.

"Ga naki nan," ya ce a hankali. "Saura ki rufe bakin nan naki, ko sau ɗaya a duniya."

"Sauran fa? Mutum shida, Kawu!"

"Zan ta aika su zubar da ƙasa nesa. Wanda Allah ya fitar, ya fita."

"Kai fa?"

"In na fito, Kyaftin ya gane."

"Kawu..."

"Ƙafa nawa zan karya kafin ya gane, Tempi? Tafi."

Ya ɗauki tasarsa ya shige.

Na rataya hannun Mingo a wuyana muka gangaro, yana tsalle da ƙafa ɗaya yana tsine wa tsohon, uwa da uba. A kwanar majami'ar da igwa ta cire wa rufi muka yi kiciɓis da Fibi, ita ma da kwandonta. Mijinta Kato na cikin shidan. Tare muke wanki da Fibi, ita ta riƙe ni ranar da na binne ɗana na fari.

"Wayyo, Tempi! Me ya same shi?"

"Tsautsayi."

"Kai, sannu Mingo! Bari in miƙa wa Kato abincinsa in zo in taya ki."

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Maganar tana nan a bakina, ta cika shi taf. In na faɗa mata, da gudu za ta je wurin Kyaftin, ni ma abin da na tashi yi ke nan ɗazu. Nauyin Mingo na kan kafaɗata, zufarsa na zuba a wuyana, da ransa.

"Kada ki daɗe a can, Fibi," na ce. Iyakar abin da na ce ke nan.

Ba ta daɗe ba. Tana riƙe da ƙafar Mingo a ɗakinmu, ina ɗora masa tsinken katako, wajen ƙarfe uku, sai ƙasa ta ɗaga mu ta sauke. Ƙarar daga baya ta zo. Tukwane suka zubo, bangon da ke tsakaninmu da ɗakin Kawu ya tsage daga sama har ƙasa. Muka fito tsakar gida. Gabas ta yi ja, sannan ƙasa ta soma sauka a kan rufi, yaf-yaf-yaf, ta daɗe tana sauka. Fibi ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, ta dubi gabas, ta kwasa da gudu.

Biyu daga cikin shidan suna wajen zubar da ƙasa, sun tsira. Kato ba ya cikin biyun. Kawu ma haka.

Abin da har yau ke ci mini rai, ganuwar ba ta faɗi ranar ba. Yanki sun ruga cikin ramin da ya buɗe, aka yi ta yi musu ruwan wuta daga sama har suka ja da baya. Sai bayan kwana uku aka ɗaga farin ƙyalle. Wasu sun ce tsoron wani albarushin ne ya karya wa manyan Kudu gwiwa, wasu sun ce yunwa ce kawai, ko ba a fasa komai ba da sun miƙa wuya. Na tambayi sojoji, na tambayi fasto, ba wanda ya ba ni amsar da zan kwana da ita.

Ranar da masu shuɗin kaya suka shigo gari suna raba burodin alkama, mutane na rawa a titi, Fibi ta zo ƙofata.

"Zo ki raka ni."

Mingo na kwance, ƙafa a kan matashi. "In kun ga gawar tsohon nan, ku tofa masa yawu a madadina," ya ce.

Muka hau tudun. Inda ƙofar ramin take babu komai sai wani ƙaton kwari na jar ƙasa, da karyayyun turaku. Wani sojan Yanki na zaune a gefe yana cin tuffa, ya ce mun makara, ba abin da za a tono, sun yi zurfi. Fibi ta gangara, na bi ta. Ta tsaya a wani wuri da bai bambanta da ko'ina ba, ta kwance ɗankwalinta ta shimfiɗa, ta soma ɗibar ƙasa da tafin hannu.

"Allah ya so ki, Tempi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Da tsohon nan bai yi kuskure ba, da mu biyu ne."

Na durƙusa kusa da ita. Na zuba tafi ɗaya, na ƙara wani, na ce wannan na Kawu ne, tunda ba shi da mai ɗibar masa. Ta gyaɗa kai. Da ta zo ɗaurewa ƙasar ta yi yawa, bakin ɗankwalin ya ƙi haɗuwa.

"Kama mini can," ta ce.

Na kama gefe biyu, ta kama biyu. Muka hauro a hankali, ƙasar na zuba kaɗan-kaɗan ta tsakaninmu.