Ranar da Ta Fi Muni

Mutanen garin Grimsby ba sa faɗin ciwonsu. Ko ƙafar mutum ka tarar a karye ka ce masa ya jiki, cewa zai yi yana lallaɓawa, ya tambaye ka ko za ka sha shayi. Desmond Ackroyd kuwa ya fi kowa wannan hali. Shekara ashirin da biyu yana feɗe kifi a masana'antar bakin teku, yatsunsa duk sun ƙage don sanyi, bai taɓa kai kukansa ko'ina ba. Da matarsa ta rasu ta bar masa 'yarsu Tegan tana 'yar shekara tara, ya ce wa masu ta'aziyya suna lallaɓawa. Suka yarda, suka ɗauke ƙafa.

Tegan da lalura aka haife ta, ta taɓa mata ƙafafu da hannun hagu. Abu ɗaya uban ya dage ya koya mata: kada ta bari a ji tausayinta. Ta kuwa haddace karatun har ta fi malaminta.

Mako guda bayan ta cika sha shida wasiƙa ta iso daga hukuma, kuma sunanta ne a jiki, ba nasa ba. Tallafin yara masu nakasa zai tsaya. In tana son na manya, sai ta je a tantance ta, ta yi bayani da bakinta. Da tallafin nan suke riƙe da motar da ke kai ta kwaleji. In ya faɗi, Tegan ta koma zaman gida ke nan.

Ya kai ta wurin Misis Oldroyd, wata tsohuwa mai kaifin baki da ke taya mutane cike takardu a zauren coci duk ranar Talata. Ta tambayi Tegan ko tana iya girki, ta ce tana lallaɓawa. Wanka fa? Tana lallaɓawa. Tsohuwa ta cire tabarau ta ajiye.

"'Yar nan, kalmar nan ta kayar da mutanen garin nan fiye da ƙanƙarar hanya. Ki ce kina lallaɓawa, su rubuta kina iyawa, shi ke nan an gama da ke. Labarin ranar da ta fi miki muni za ki ba su." Ta juya ta harari Desmond. "Aikinka ne wannan, ko? Da gani ba tambaya."

Suka fara gwaji a teburin kicin bayan cin abinci. Shi ne jami'i, ya sa tabarau ya riƙe biro, ita tana yi masa tsiya wai ya fi kama da mai duba tikitin bas. Ya tambaye ta minti nawa take yi wajen sa safa, a ransa yana cewa biyu. Ta ce ashirin. Ya ɗaga kai ya dube ta. Shi da ke fita aiki tun kafin ta tashi, ina zai sani? Daga nan raha ta mutu. Tegan ta koma amsawa a gajarce, shi ma ya fara tsallake tambayoyi, domin tsoron amsar yake ji.

Ranar tantancewa ya sa rigarsa ta zuwa jana'iza. Sunan kowane magani yana kansa, da ranar kowace tiyata, shekara goma sha shida shi ne bakin yarinyar nan a gaban likitoci da malamai. Da aka kira sunanta ya miƙe, sai ta miƙa masa rigar sanyinta.

"Baba, ka jira ni a nan."

Ya zauna a baranda da rigar a cinyarsa. Ya ciro waya ya duba sunayen da ke ciki tun daga sama har ƙasa, bai ga wanda zai kira ba. Kaɗaici ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne matarsa, don a ranar akwai hannun yarinya a cikin nasa. Awa guda da 'yan mintoci ƙofar tana rufe.

Ta fito idanu jajur. Suka shiga mota, ruwa yana dukan gilashi. Ya tambaye ta ko ta faɗa musu, ta ce duka, ba ta ce tana lallaɓawa ko sau ɗaya ba. Ya ce kamar me da me. Ta daɗe tana murza yatsun hannunta na hagu.

"Bara na faɗi a banɗaki kana wurin aiki. Awa uku ina kwance a ƙasa. Da ƙyar na ja jiki na hau kujera kafin ka dawo, na kunna talabijin. Ka shigo ka ce ya nake."

Bai tambaye ta me ta amsa ba, ya sani.

"Kai fa, Baba? Ya kake?"

"Ina lallaɓawa."

"Ranar da ta fi muni nake tambaya."

Shekara bakwai ba wanda ya sake tambayarsa bayan ya ba da wannan amsa. Ya riƙe sitiyari da ƙagaggun yatsunsa.

"Yau ce," ya ce, yana kallon gilashi.

Tegan ta miƙa hannunta mai lafiya ta kunna na'urar ɗumama mota, ta juya iskar wajen yatsunsa.